Lurun Kaltume a Kan Injin Keke

Tudun Kanya, ƙasar Kunci
Bayan an gama cirar gyaɗa, 1954

Zuwa ga ɗana Tasi'u, a Ingila.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan, sai abin da ba a rasa ba. Gero ya yi, dawa ta yi dama-dama, gyaɗa kuwa sai godiya. Malam Uwaisu mai rubutun wasiƙa a kasuwar Kunci shi yake rubutawa. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata ado.

Bayan haka, tun shekarar da rana ta yi husufi, kaji suka shige akurki tun ba a yi magariba ba, shekarar da ubanka ya rasu ke nan, ban taɓa barin Juma'a biyu ta wuce ban je Unguwar Marke na duba uwarka Kaltume ba. Ko ruwa ake, ko rana ake. Kai shaida ne, kai kake yi mini famfon taya. To, bana an yi. Gwiwata ta dama ta ƙi feda. Na hau keke, na kai burtalin gidan sarkin noma, sai ta riƙe. Na sauko na dawo ina jan keken kamar mai kai tunkiya kasuwa. Jakina ya mutu da damina, ni kuwa tun da nake ban taɓa aron jakin wani ba, ba kuma da furfura zan fara ba.

Ka san halin ƙanwata. Kai ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunanka, ba ta tambayar labarinka, tun ranar da aka yaye ka aka miƙo mini kai na riƙe. In wasiƙarka ta zo, Malam Uwaisu yakan karanta mini, na haddace ta tsaf. In na je Marke sai na zauna a bakin turken akuyarta na ce, "Ke akuya, kin ji, mutumin nan na Ingila ya ce yana lafiya, ya ce abincinsu ba yaji." Ita kuma tana bakin ɗaki tana kaɗi, ta ba ni baya. Amma da na fara, mazari yake tsayawa. Sai na gama yake ci gaba da juyawa. Haka muke yi ni da ita. In ban je ba, babu mai ba akuyar labari, ita kuwa ko rai zai fita ba za ta tambaya ba.

Yanzu wasiƙarka biyu ke cikin kaina ban sauke ba.

Gida shiru. Tun da matata Hure ta rasu, kai kuma ka tafi, ni da ƙadangaru ne a tsakar gida, su ma ba sa amsa sallama. Ban faɗa maka don ka yi wani abu ba. Ka yi karatun da aka tura ka.

Ni ne kawunka,
Mani

*

Ingila
Janairu, 1955

Zuwa ga Kawu Mani.

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Wasiƙarka ta same ni lafiya. Allah ya sauwaƙe gwiwar, ya sa kaffara ne. Ina gaida Inna, da Gwaggo Huseina, da duk mutanen Tudun Kanya.

Kawu, abin da muke kira sanyi a gida wasa ne. A nan in ka bar ruwa a buta a waje, da safe dutse za ka tarar. Ƙanƙara tana zubowa daga sama da laushi kamar audugar rimi, ta rufe hanya da rufin gidaje. Rana takan leƙo kamar baƙuwa mai jin kunya, ta koma. Da duhu nake tafiya ma'aikatar da muke koyon aikin inji, da duhu nake dawowa. In ka gaida mutum ya amsa da kalma ɗaya ya wuce, ba ya tambayar gajiya, ba ya tambayar gida. Wani lokaci nakan yi Hausa ni kaɗai a ɗaki don kada harshena ya daskare.

Saboda nisan ma'aikata na sayi tsohon keke. Na tsinci wani ɗan ƙaramin inji da aka yar, na yi ta gyara shi ranakun Asabar har ya tashi. Na ɗaura shi a kan tayar baya. Yana da wani ɗan gare da yake goga a jikin taya, shi yake tura keken, ba ruwanka da feda. Sau biyu ƙanƙara tana kayar da ni. In na isa, yatsuna ba sa iya ɓalle maɓalli sai na hura musu iska. Inji kamar tsoho yake, Kawu, in ya ji sanyi ba ya tashi. Kullum sai na lulluɓe shi da tsohon bargo, fulogin kuma na cire na ɗumama shi a aljihu. Ko na fita, nakan bar masa bargon sai ya yi ɗumi.

Da na ji maganar gwiwarka sai na nemi wani irinsa na gyara. Na ba wani malamin makaranta mutumin Kano da zai dawo gida ta jirgin ruwa, zai aiko maka da akwatin. Ka kai wa Badaru mai gyaran keke a Kunci, na zana masa yadda zai ɗaura. Kowace kwalbar fetur a zuba mata baƙin mai cikin murfin tanki, a girgiza. Kada a sa fetur zalla.

Kawu, ka yi haƙuri da wannan tambaya. Na san al'ada, a cikinta na tashi. Amma Inna ta taɓa tambaya ta, ko da a kaikaice? A gida ban taɓa damuwa ba, don ina ganin ta. A nan abin yakan tsaya mini a rai.

Ɗanka,
Tasi'u

*

Tudun Kanya
Farkon bazara

Zuwa ga Tasi'u.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai zafi. Rijiyar ƙofar gida ta yi ƙasa, sai an ƙara wa guga igiya. Mutane suna ta kai taki gona.

Akwati ya iso, Allah ya yi maka albarka. Na kai wa Badaru. Ya juya takardarka sama, ya juya ta ƙasa, ya ce ƙarafan da ka aiko ba su dace da kekena ba, wai kekena ya girme su. Muka je maƙera, aka buga mana wasu ƙarafa biyu, aka huda, aka ɗaure da noti. Tankin kuwa da tsirkiyar fata dukawa suka ɗaure shi a bayan sirdi. Ranar kasuwa ce, masu gyaɗa suka bar buhunansu, mahauta suka zo da wuƙaƙe a hannu. Badaru ya tura, ya tura, abu ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Wani ya ce, "Kai, wannan ma tsoho ne irin mai shi." Da ya kama kuwa, sai da jakunan kasuwa suka tsinke. Yanzu ba a ce mini Mani, sai Baba Mai Tari.

Hawan farko ban san yadda ake tsayar da shi ba. Na bi ta dangar rogon liman na fita ta ɗaya gefen. Na biya shi da ban haƙuri. Yanzu na gane masa. Ba ya son yashi, in ya shiga sai garen ya yi ta juyawa a banza, dole na sauka na tura. A fako kuwa, wallahi ko dokin dagaci albarka. Sai dai iskar da take bugun fuska a wannan zafi, kamar ka leƙa bakin zugazugi. Sirdi ma in ya sha rana ba ya zaunuwa sai na shimfiɗa hula.

Na je Marke. Tafiyar da take cin mini hantsi har azahar, kafin rana ta take na isa. Mata suka watse, akuya ta tsinke igiya. Uwarka ko motsi ba ta yi ba, tana bakin ɗaki da mazarinta. Da aka kamo akuyar na zauna na sauke mata wasiƙa uku. Na ce, "Ke akuya, abin nan da ya firgita ki, mutumin Ingila ne ya haɗa shi da hannunsa." Na faɗi ƙanƙara, na faɗi yatsun da ba sa ɓalle maɓalli, na faɗi bargon da kake rufa wa injinka. A nan mazari ya tsaya, kuma na gama bai ci gaba ba.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta daɗe. Ta fito da lurunta, mai ratsin baƙi da fari, wanda ita ta kaɗa zarensa da hannunta, take ajiye shi a ƙasan adudu. Ta ce, "Yaya, a rufa wa abin nan."

Na ce, "Kaltume, bazara fa ake."

Ta ce, "Mai shi ya ce yana jin sanyi. Ni dai a rufa."

Ba ta bari na taɓa ba. Ita ta naɗe shi, ta ɗaure ƙulli kamar mai goya jariri, ta bar tafin hannunta a kai har sai da na kawar da ido. Ka tambaye ni ko ta taɓa tambayarka. To, ga abin da na gani, kai ka yi masa suna.

Na taso da la'asar lis, ya kawo ni gida, sai ɗan wari da yake yi. Ranar kasuwa Badaru ya gani, ya dafe kai. Ya ce, "Baba Mani, cire tsumman nan. Inji iska yake sha, za ka toshe masa numfashi."

Na ce, "Tsumma? Lurun ne tsumma? Kai da iyakarka liƙin taya, ka fi wanda ya haɗa shi sani?"

Ya ce, "Shi a ƙanƙara yake, kai a wuta kake."

Mutane suka yi dariya. Sai na tuna masa, a gabansu, cewa kakansa da gurgun jaki ɗaya ya shigo garin nan shekarar fara, ni na gani da idona, ubana ne ya ba shi masauki. Ya koma kan aikinsa. Luru yana nan inda uwarka ta ɗaura shi.

Kawunka,
Mani

*

Ingila
Afrilu, 1955

Zuwa ga Kawu.

Gaisuwa a gaggauce, ina fata kowa lafiya. Yau wasiƙarka ta zo, a tsaye nake rubuta wannan don ta bi jirgin sama.

Kawu, don Allah don Annabi ka cire lurun nan. Gaskiyar Badaru ce. Bargon da na faɗa, na ƙanƙara ne, labarin kaina nake ba ka, ba umarni ba ne. Waɗannan haƙarƙarin ƙarfe da kake gani a jikin injin, iska ce take bi ta cikinsu tana sanyaya shi. In aka rufe su a zafin gida zai dahu. A bazara ka fita da sassafe ko da yamma, in ka yi nisa ka tsaya a inuwa ya huta, ka ƙara baƙin mai kaɗan. Kada ka zuba masa ruwa yana da zafi. In kana jin nauyin Inna, ka cire lurun a hanya, in ka kusa gari ka mayar.

Wurin da ka ce ta bar hannunta a kai, na karanta ban san iyaka ba. Na fita na hau nawa na yi ta tafiya ba inda za ni. Ban sami wanda zan gaya wa ba.

Ɗanka,
Tasi'u

*

Tudun Kanya
Bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Tasi'u.

Barka da shan ruwa, barka da salla. Muna lafiya. An yi ruwan shuka, mun shuka.

Wasiƙarka ta gaggawa ta yi gaggawa har Kano. Daga nan ta kwanta a aljihun wani direba har azumi ya raba. Da ta iso, mai aukuwa ta riga ta auku.

Ana gab da kama azumi na tashi zuwa Marke. Na makara, rana ta yi tsaka ina kan fakon nan da babu ko bishiya ɗaya. Sai na ji tarinsa ya canza, ya koma kamar na mai shaƙewa. Na ji ƙauri. Na waiga, luru yana hayaƙi. Na diro na yi ta watsa masa ƙasa da hannu. Kafin na kwance ƙullin uwarka, tsakiyar lurun ta cinye. Injin ya ƙame, ko motsi. Na zauna a ƙasa mai zafi na daɗe ina kallonsa. Marke ta fi kusa, ina hango rimin bakin gari, amma gida na juyo. Na turo shi har bayan la'asar, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya.

Yana nan a zaure na jingine. Ban koma Marke ba. Da wane ido zan kalle ta? Ta ba ni abin da ta ɓoye shekara da shekaru, kai ka ba ni abin da ka haɗa cikin ƙanƙara, na haɗa biyun na ƙona a rana ɗaya. Na aika mai tallan kanwa ya gaya mata ƙafa ce ta tashi.

Kada ka ce na je wajen Badaru. Ranar kasuwa ta bayan rumfunan mahauta nake zagayawa. Yara sun daina ce mini Mai Tari, yanzu ba sa ce mini komai, wannan ya fi ciwo.

Malam Uwaisu ya ce na ƙara magana, takarda da saura. Ba ni da ita.

Mani

*

Ingila
Yuni, 1955

Zuwa ga Kawu Mani.

Gaisuwa da fatan damina mai albarka. Ina lafiya.

Kawu, laifina ne. Na zauna cikin sanyi na rubuta maka maganar sanyi, na manta kafin ta iso maka bazara ta shiga. Ba ka ɓata komai da ba ya gyaruwa ba. Ga ƙullin kaya nan tare da wannan wasiƙa, fistin ne, wato ƙarfen da yake kai da komowa a cikin injin, da zobbansa da sabon fulogi. Badaru zai iya sawa. Ka je masa, Kawu. Mutumin kirki ne, kai ma ka sani.

A nan kuma yanzu rana ta ƙi faɗuwa. Mun yi azumi mai tsawon da ban taɓa gani ba. Ranar salla babu wanda ya san salla ce. Na sa rigata da hula, na hau keke na fita bayan gari, na zauna kusa da wasu tumaki na ci burodi. Turawa suna ta kukan zafi, suna cire riguna, ni kuwa da kwat ɗina.

Abin da ya dame ni ba inji ba ne. Tun kafin azumi ba wanda ya ba akuyar nan labari. Ka ari jaki, ko ka roƙi mai amalanke. Luru zare ne, Inna ba za ta riƙe ka da shi ba. Saura shekara guda na gama. Ina so na dawo na same ku duka biyu.

Ɗanka,
Tasi'u

*

Tudun Kanya
Gero ya fara fitar da kai

Zuwa ga ɗana Tasi'u.

Gaisuwa da fatan alheri. Ni lafiyata ƙalau. Ruwa yana sauka yadda ake so, an gama maimai, burtali duk ya rufe da ganye. Uwarka tana jin jiki. Ka zauna ka karanta, zan faɗa maka yadda abin yake, ba yadda ake faɗa wa na nesa ba.

Ƙullinka ya zo, na ajiye shi a rataye ban buɗe ba. Na ce sai bayan noma. Ana haka sai ga gwaggonka Huseina, ƙanwar ubanka, da ƙafa tun daga Marke, zaninta duk raɓa. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce, "Mani, ashe kana raye? To, gaya mini ni, tun da ni ba ni na haife shi ba. Yaushe yaron ya rasu?"

Na ce, "Innalillahi! Wane yaro? Wa ya ce ya rasu?"

Ta ce, "Kai ka ce. Mutumin da bai taɓa fashi ba ya ɗauke ƙafa tun kafin azumi, ya aiko wai gwiwa. Wa bai san wannan ba? In an yi mutuwar nesa, ai haka ake yi, a yi ta ja da baya ana neman bakin faɗa. Kaltume ta daina kaɗi. Kunu ma sai na tsaya a kanta. Ranar Alhamis ta daka gumba ta raba sadaka, ba ta ce ta wane ne ba."

Tasi'u, ni ina nan ina jin kunyar luru, ashe ƙanwata tana can tana yi maka zaman makoki ita kaɗai, ba ta da bakin tambaya.

Na ce da Huseina inji ne ya ƙone. Ta ce, "Inji? Don ƙarfe ka bar mace tana binne ɗanta da rai? Wallahi tsufanka bai yi maka rana ba." Na ɗauki sanda na je gidan sarkin noma na ari jaki. Shi ya ɗora mini akumari da kansa.

Na same ta a kwance, fuskarta a bango. Ta rame, wuyan hannunta kamar sillen kara. Na sa aka jawo akuyar har bakin ɗaki. Na ce, "Ke akuya, mutumin Ingila yana nan lafiya. Ya yi azumi, ya yi salla da tumaki, saura shekara ya dawo." Na sauke wasiƙun duka, ban rage ko kalma ba. Na fito da ƙonannen lurun na ce ga abin da ya hana ni zuwa.

Ba ta juyo ba. Can ta ce, "Yaya, da mutumin gidan nan ya rasu a fatauci, kai ka zo ka ce mini yana gaishe ni."

Haka aka yi. Ni aka aika, haka kuma ake yi, sai an tara mutane ake faɗa. Na rantse mata, ta ce rantsuwa don a lallashi mara lafiya ba ta da kaffara. Na ce ga takardarka, ta taɓa. Ta ce ita ba ta san takarda ba, ni ma ban sani ba. Daga nan ta ce, a hankali, ba da ni take ba, da bango take, "Da mai abin yana nan, da abin nan nasa yana kuka."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Na kwana a zaure, da safe na juyo.

Ban sauka a gida ba sai don ɗaukar ƙullinka. Na ɗora keken da injinsa a kan jaki na nufi Kunci, na bi ta tsakiyar kasuwa, ba ta bayan mahauta ba. Badaru yana liƙin taya, ya ɗago ya gan ni, ya sunkuyar da kai. Na tsaya har mutane suka taru. Na ce, "Badaru, na yi tunani. Kakanka jaki biyu ya shigo da su garin nan. Gurgun ma na wani ne ya riƙe masa."

Ya ce, "Baba, ko raƙuma ya shigo da su, sauke injin."

Ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan buhu. Ya nuna mini tsohon fistin, ya yi baƙi ya narke a gefe. Bai ce mini, "Ai na gaya maka," ba. Ya goge cikin da yashi mai laushi da baƙin mai, ya sa naka. Kwana biyu muna abu ɗaya, ni ina miƙa masa sifana ina ba shi labarin yadda aka haƙa rijiyar kasuwa. Ɗazu da la'asar ya tura shi, ya yi tari, ya kama. Na juya baya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ya ce damina ce, in taya ta jiƙe garen zai riƙa zamewa, na guji kwatami, amma yashi ya kwanta, hanya za ta fi daɗi. Ya ƙi karɓar ladan aiki, ya ce a gaida Inna.

Ɗan aike ya zo daga Huseina jiya, ya ce ta sha kunu rabin ludayi. Iyakar abin da na sani ke nan. Ba zan ce maka ka taho ba, ba zan ce kada ka taho ba, kafin wannan ta iso maka Allah ya riga ya yi hukuncinsa. Na gaji da yi wa mutane magana a lokacin da ya riga ya wuce.

Gobe in Allah ya kai mu, da na sallame asuba zan tashi, injin a buɗe yana shan iska. Daga rimin bakin gari zan murɗa shi yadda duk Marke za ta ji. In na isa ƙofar gida ba zan shiga ba, ba zan kashe shi ba. Zan tsaya riƙe da kan keke na bar shi yana ta kuka, har sai uwarka ta aiko a ce mini na dame ta. Na cika tanki, na kuma rataya kwalba a kafaɗa.

Ni ne kawunka,
Mani